Abdullahi ɗan Fodiyo: Malamin da ya nemi a raba shari'a da kuɗi

A tarihin Daular Usmaniyya da wuya a sami wanda ya kai Malam Abdullahi ɗan Fodiyo damuwa da batun alƙalai da dukiyar talakawa. Shi ne ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, shi ne kuma ya kafa gidan sarautar Gwandu, wadda garuruwa irin su Masama da Kalgo da Ambursa a jihar Kebbi ta yau ke cikin ƙasarta.

An haife shi a ƙasar Gobir wajen shekara ta 1766, cikin zuriyar Torankawa. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ne ya koya masa Alƙur'ani, sa'annan yana ɗan shekara goma sha uku ya koma hannun wansa Usmanu. Ya kuma yi karatu wurin kawunnansa da wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Tun yana saurayi aka san shi da ƙwarewa a nahawu da fiƙihu da tsara waƙar Larabci, ya kuma bi wansa yawon wa'azi a Zamfara da Kabi.

Abin da ya gani a Gobir

Wajen shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya raba musu dukiya. Abdullahi na wurin sa'ad da Shehu ya ƙi karɓar rabonsa, ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar. Biyu daga cikinsu su ne a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Wannan ya nuna cewa tun da fari kiran jama'ar Degel ya haɗa da maganar shari'a. A littafin Kitabul Farƙ, Shehu ya zayyana yadda hukunci ya zama hanyar tara dukiya a fadojin lokacin: mai ƙara ba ya ganin sarki sai da gaisuwa, alƙali na karɓar toshiya, laifin da shari'a ta yanke wa haddi kuma a mai da shi tara wadda ke shiga aljihun masu mulki. Ma'ana dai, mai hali ya fanshi kansa, marar shi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya jagoranci rundunar da ta karya mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805, abin da ya ba jama'a damar zama a Gwandu.

Tafiya Kano

To sai dai kuma nasara ta zo da nata ciwon. Gabanin yaƙin Alwasa a ƙarshen 1805, mayaƙan jama'a sun auka wa garin Kwalde wanda ke da amana da su, suka washe shi, shugabannin rundunar kuwa suka kasa hana su. A Alwasa aka yi musu mummunar ɓarna. Malamai da mahardata da yawa sun riga sun kwanta dama a Tsuntsuwa, waɗanda suka cike gurbinsu kuma ba duka ne suka fito don abin da aka fito dominsa ba.

A 1807, rundunar na kan hanyar Alƙalawa, sai Abdullahi ya sulale da 'yan mutane ƙalilan ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. A littafinsa Tazyinul Waraƙati ya bayyana dalili da kansa. Ya koka da mutanen da suka mai da jihadi hanyar neman sarauta da ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakin ƙawa, da masu sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi, da waɗanda suka hau buzun alƙalanci alhali zukatansu na wurin abin duniya. Abin lura shi ne, waɗanda yake zargi ɗin mutanensa ne, waɗanda ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su.

Bai wuce Kano ba. Jama'ar birnin, a zamanin Sarki Sulaimanu, sun tsayar da shi suka roƙi ya rubuta musu abin da za su riƙa hukunci da shi. Nan ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsiri, daga bisani ya koma gida.

Littafin ya tattara ƙa'idojin naɗa shugaba da waziri da alƙali da mai duba kasuwa da mai karɓar ƙorafin zalunci, yana dogaro da malaman Malikiyya da nasihohin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa fiye da shekara ɗari uku kafin nan. Abin da ya ginu a kai sananne ne a fiƙihu: a naɗa alƙali don iliminsa da tsoron Allah, kada a sayi muƙami, kada a ba da shi don dangantaka, masu shari'a biyu su zama daidai a gaban alƙali, kyautar da aka kai wa mai mulki saboda kujerarsa kuwa haramun ce. Ya kuma ɗora wa shugaba alhakin bin diddigin dukiyar ma'aikatansa da sauraron kukan raunana da kansa, domin fadawa na iya tare ƙofa.

Saɓani da Shehu, da batun ƙabila

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna Boɗinga. A 1812 aka raba tafiyar da mulki, yamma ta faɗo hannunsa, gabas ta tafi ga Muhammadu Bello.

A wannan tsakanin ne ya yi muhawara a rubuce da wansa. Ya ƙyamaci laƙabin sarauta irin na mulukiyya, da kaɗe-kaɗen fada, da sa alhariri da zinariya ga shugabanni. Wanda ya fi nauyi shi ne hukuncin Musulmin da ya taimaki abokan gaba. Abdullahi ya tafi a kan cewa wannan saɓo ne babba amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci kai tsaye. Maganar tana da nauyi, domin a kanta ne ake sanin ko za a taɓa dukiyar mutum, ko a bautar da iyalinsa. Shehu ya mai da martani a Najmul Ikhwani, ya ja hankalin almajirai da cewa saɓanin malamai rahama ne.

Batun ƙabila kuwa ya fito fili a kan Malam Abdussalami, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu da ba Fulani ba. Harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana na cikin musabbabin jihadin, amma da aka zo rabon ƙasa sai ya ga abin da ya samu bai kai gudummawarsa ba, ya kuma yi ƙorafin zaluncin masu mulki. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi tawaye a Kware, aka ci garin, ya rasu a Bakura a 1818 sakamakon rauni. Sauran magoya bayansa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, kuma Abdullahi, mai littattafan adalci, shi ne ya yi ta fama da su har sai da Bello ya kawo masa ɗauki aka ci garin.

Nan ne tarihin ya yi nauyi ga mai karanta shi da gaskiya. Kusan dukan tutocin da aka bayar sun tafi ne ga malaman Fulani, in ban da 'yan kaɗan irin su Yakubun Bauchi. Shi kansa Abdullahi ya yi rubutu kan asalin danginsa yana alfahari da shi, bauta kuma ta ci gaba a ƙasar da yake mulki. Duk da haka, ƙa'idar da ya rubuta ba ta ware wa wata ƙabila matsayi a gaban alƙali ba, kuma Gwandu ce daga baya ta ba Buhari ɗan Abdussalami izinin zama a wurin da ya zama garin Jega.

A Kalambaina ɗin ne kuma ya sasanta da Bello, wanda aka naɗa Sarkin Musulmi ba ya nan, har aka rufe masa ƙofar Sakkwato sa'ad da ya iso. Ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, daga nan ya janye jikinsa daga harkar mulki ya bar ta hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari.

Sauran rayuwarsa ta ƙare ne a karantarwa da rubutu. Ya riga ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya kuma taƙaita shi domin ɗaliban ƙasar nan, ga littattafai masu yawa a nahawu da sarfu da hadisi da siyasar shari'a. Ya rasu a Gwandu a 1829, kuma a can hubbarensa yake, inda ake kai ziyara har yau. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Halilu.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar a 1903 sun bar kotunan alƙalai suna aiki ƙarƙashin kulawar razdan da di'o, amma alƙali ba shi da ikon gurfanar da Bature. A shekara ta 2000 Kebbi ta shiga sahun jihohin da suka maido da dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, aka kuma sake jin irin ƙorafin da, musamman bayan an yanke hannun Buba Bello Jangeɓe a Zamfara kan satar saniya, jama'a na tambayar inda manyan masu wawure baitulmali suka shiga. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi, duka sunansa suke ɗauke da shi.