Sayyidina Usman Bin Affan, Ɗan Kasuwar Da Ya Sayi Rijiya

Usman bin Affan (RA) Baƙuraishe ne daga Banu Umayya, ɗan kasuwar tufafi tun yana Makka. Ya musulunta da wuri ta hannun Abubakar (RA), ya auri 'ya'yan Annabi (SAW) biyu, Ruƙayya da Ummu Kulsum, shi ya sa ake ce masa Zunnuraini.

Bayan hijira Musulmi sun sha wahalar ruwan sha a Madina. Akwai ruwa mai daɗi a rijiyar Ruma, wajen kwarin Aƙiƙ, amma sayarwa mai ita yake yi. Annabi (SAW) ya yi albishir da Aljanna ga wanda ya saye ta domin jama'a. Babu wanda ya tilasta wa Usman, kuma bai sa ran riba ba. Ya biya da dukiyarsa, ya yi waƙafinta, gugansa ya zama kamar na kowa. 'Yan'uwa masu sana'ar ruwan leda, rini da wankin mota, ruwan unguwa fa kuke taɓawa kullum.

Ya zama halifa na uku a 644, aka yi masa shahada a gidansa a 656. Har yau rijiyar tana nan, kewaye da dabino.