Bruce Lee da Daraktocinsa

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya yi zaman makarantar kwana tare da mu ba zai manta da daren Asabar ba. A kunna mana fim a ɗakin cin abinci, washegari kowa ya tashi yana ihu yana harbin iska, wai shi ne Burusli. A lokacin ban taɓa tambayar wa ke bayan kyamara ba. Sai da na kama aikin gwamnati, na ga yadda gumin ƙaramin ma'aikaci ke fita da sa hannun wani, sannan na koma na bi tarihinsa.

An haifi Bruce Lee a San Francisco ta Amurka a 1940. Ya tashi a Hong Kong, inda ya fara fitowa a fim tun yana yaro, ya kuma koyi faɗa a wurin Yip Man. Ya koma Amurka a 1959. A 1966 ya samu shiga shirin talabijin na The Green Hornet, amma a matsayin direban jarumin. Da ya ga ba a da niyyar ba ɗan ƙasar Sin jagorancin fim a can, sai ya karɓi tayin Raymond Chow na kamfanin Golden Harvest a Hong Kong.

A hannun darakta Lo Wei ya yi suna. Shi ya ba da umarni a The Big Boss na 1971, wanda aka ɗauka a Tailan, da Fist of Fury na 1972, kuma kowannensu ya kafa tarihin ciniki a Hong Kong. Sai dai jininsu bai haɗu ba. Lo tsohon hannu ne mai son a gama aiki da wuri, shi kuwa Lee so yake a ɗauki kowane naushi yadda mai kallo zai gaskata. A ganina Lo ya ɗauki yabo fiye da rabonsa, domin da ya gwada mai da Jackie Chan sabon Bruce Lee a 1976, fim ɗin bai yi kasuwa ba.

Da suka raba gari, Lee ya rubuta The Way of the Dragon, ya ba da umarni da kansa a 1972. A nan ne ya kara da Chuck Norris a birnin Rum.

Ba'amurke Robert Clouse ne ya kai shi idon duniya da Enter the Dragon. Lee bai ga fitowarsa a sinima ba, domin ya rasu ran 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32. A 1978 Clouse ya ƙarasa Game of Death, wanda Lee ya bari a rabi, da wasu masu kama da shi. Har hotunan jana'izarsa ta gaskiya aka saka a ciki. Mun sha kallon fim ɗin muna tafi, ba mu sani ba.