Calvin Hall

Calvin Springer Hall (18 ga Janairu, 1909 – 4 ga Afrilu, 1985) masanin ilimin halayyar ɗan Adam ne, ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da binciken mafarki, amma da ɓeraye ya fara yin suna.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Seattle. Ya yi karatu a wajen Edward Tolman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya samu digirin digirgir a 1933.

Gwajin ɓeraye

A 1934 Hall ya bayyana wata hanyar auna tsoro a jikin dabba. Ana sakin ɓera a wani buɗaɗɗen fili mai haske wanda bai saba da shi ba, sai a lura da yawan kashi da fitsarin da zai yi. Wanda ya fi razana shi ya fi yin su. Daga nan ya ware matsoratan ya haɗa su barbara, marasa tsoron ma haka, zuri'a bayan zuri'a. Rukunonin biyu suka riƙa bambanta, abin da ya nuna fargaba tana da nasaba da gado.

Ma'aunin yana da rauni, domin ba tsoro kaɗai ke sa ɓera kashi ba. Duk da haka har yau ana amfani da irin wannan fili wajen gwada magungunan fargaba. A shekarun 1950 Peter Broadhurst ya bi sawunsa a Landan, ya samar da ɓerayen Maudsley.

Ƙarshen rayuwa

Daga baya Hall ya koma kan mafarki, ya tattara labaran mafarkai sama da 50,000. Ya rasu a Santa Cruz, jihar Kalifoniya.