Agustin na Hippo da Zancen Yaƙi

Cikin watan Agusta na shekara ta 430, wani tsoho yana kwance da zazzaɓi a birnin Hippo, a bakin Bahar Rum, cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu. A bayan ganuwa rundunar Bandalawa ta kafa sansani, ba shiga ba fita. Tsohon ya sa aka rubuta masa Zabura ta tuba a kan takardu, aka manna su a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana zub da hawaye. Sunansa Agustin, shi ne bishop na birnin. Mun kawo labarinsa a nan domin ya daɗe yana fama da tambayar da ta ke damun masu bi har wa yau, watau ko ya halatta ga mai bin Almasihu ya ɗauki makami.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, wani ƙaramin gari na lardin Numidiya, ƙarƙashin mulkin Roma. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce, amma shi da ya tafi karatu a Kartaj sai ya bar tafarkinta, ya shiga ɗariƙar Mani, ya yi shekara wajen tara a ciki. Ya zama malamin balaga, watau gwanintar magana, ya koyar a Kartaj da Roma da Milan. A Milan ne wa'azin Bishop Amburos ya kama zuciyarsa, har aka yi masa baftisma a Idin Tashin Ubangiji na shekara ta 387. Ya komo Afirka, aka naɗa shi hidimar ikklisiya a Hippo a 391, bayan 'yan shekaru kuwa ya zama bishop.

Agustin bai taɓa yin aikin soja ba, amma tambayar ta yi ta zuwa ƙofarsa. A ƙasarsa akwai masu bi na dā waɗanda suka ƙi makami sam. Cikin shekara ta 295 an fille kan wani saurayi, Maksimiliyan, a garin Tebessa domin ya ƙi shiga soja saboda bangaskiyarsa. Amma a zamanin Agustin sarakunan Roma sun riga sun zama Kirista, alƙalai da sarakunan yaƙi da yawa suna cikin ikklisiya, su ne kuwa masu tsaron talakawa. Ba shi yiwuwa makiyayi ya ba su amsar da ba ta taɓa nauyin da ke wuyansu ba.

Wajen shekara ta 400 ya rubuta littafi domin amsa wa Faustus, wani malamin ɗariƙar Mani wanda ya zargi Musa saboda yaƙe-yaƙensa. A ciki ya nuna cewa babban mugun abin da ke cikin yaƙi yana cikin zuciyar mai yinsa: son ɓarna, da ƙishin ramuwa, da gaba wadda ba ta karɓar sulhu, da kwaɗayin mulki. Ya koyar kuma cewa ba kowane mutum ne ya ke da ikon ta da yaƙi ba, sai hukuma wadda aka danƙa wa tsaron jama'a, kamar yadda Bulus ya nuna cikin Romawa 13:1-4. Dalilin kuwa tilas ya zama gyaran wani zalunci na ainihi, kamar sa'ad da wata al'umma ta ƙi mayar da abin da ta ƙwace, ko ta ƙi hukunta mutanenta masu ɓarna. Game da kansa da sauran masu bi waɗanda ba su riƙe da muƙami, ya fi tsanantawa: bai yarda mutum ya kashe wani domin ceton ransa kaɗai ba. Takobin da ya yarda da shi, na tsaron maƙwabci ne.

A shekara ta 410 Alarik, sarkin Gotawa, ya ci birnin Roma, ya washe shi kwana uku. Masu bautar gumaka suka ce addinin da ya umarci mutum ya juya kumatu ga mai marinsa shi ne ya karya ƙarfin daula. Wani babban ma'aikaci, Marsalinus, ya kawo wa Agustin wannan zargi. Ya amsa masa a 412 da cewa umarnin Matta 5:39 yana bisa kan zuciya kullum, ko a lokacin da hannu ya ke hana mugu yin mugunta, kamar uba mai horon ɗansa ba da ƙiyayya ba. Daga 413 zuwa 426 ya rubuta babban littafinsa, Birnin Allah, mai kashi 22. A ciki bai yabi yaƙe-yaƙen da suka faɗaɗa Roma ba. Ya kwatanta mulkin da ba shi da adalci da babbar ƙungiyar 'yan fashi. Ya ce ko mai hikima ya shiga yaƙi mai gaskiya, da baƙin ciki zai shiga, gama zaluncin wani ne ya tilasta shi. Wanda kuwa ya ke tuna wannan masifa ba tare da zafin rai ba, ya rasa zuciyar mutum.

Inda aka gwada wannan koyarwa shi ne wajen Bonifas, sarkin yaƙi mai tsaron iyakar kudu. Wajen 418 Agustin ya rubuta masa cewa soja yana iya faranta wa Allah rai, ya tuna masa da Dawuda, da Karniliyus, da sojan da suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma cikin Luka 3:14, waɗanda bai ce su ajiye makamai ba, amma ya hana su ƙwace da ƙazafi. Ya gargaɗe shi ya cika alkawari ko ga abokin gaba, ya ji tausayin wanda aka ci da wanda aka kama, ya riƙe salama ta zama muradinsa ko a fagen fama. Da matar Bonifas ta rasu, ya yi niyyar barin soja ya keɓe kansa ga addu'a. Agustin, da tsufansa, ya yi doguwar tafiya zuwa Tubuna tare da abokinsa Alifiyus, suka roƙe shi ya tsaya a bakin aikinsa saboda talakawan da ke bayansa.

Bonifas ya tsaya, amma daga baya ya shiga rigimar neman iko da fadar sarki, ya bar iyaka a buɗe, mahara suka yi ta washe ƙauyuka. Agustin ya rubuta masa takarda mai zafi, ya tsauta masa domin takobin da aka ba shi saboda jama'a ya mai da shi na biyan bukatar kansa. Sa'ad da fada ta aiko Dariyus domin ya sulhunta rigimar, Agustin ya yabe shi, ya nuna cewa wanda ya kashe wutar yaƙi da magana ya fi wanda ya kashe mutane da takobi daraja. Hausawa ma sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Sulhun ya zo a makare. A 429 Bandalawa suka haye daga Sifen ƙarƙashin sarkinsu Gaisarik, suka bi gaɓar teku suna ƙone garuruwa, har suka kewaye Hippo, Bonifas yana ciki da sauran sojansa. Agustin ya riga ya shawarci masu hidima kada su gudu su bar garken da ba shi da wurin gudu, shi ma bai fita ba. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, cikin wata na uku na kewayewar.

Ba mu ɗauke shi marar kuskure ba. Ya yarda hukuma ta tilasta wa 'yan ɗariƙar Donatus su komo ikklisiya, ko da ya ke ya roƙi kada a kashe su; wannan ƙofa kuwa ta jawo wahala mai yawa a bayansa. Sarakuna da yawa kuma sun ɗauki izninsa, sun bar sharuɗansa. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya tattara koyarwarsa cikin sharuɗa uku: hukuma ta halal, dalili na gaskiya, da niyya mai kyau. Akwai kuma masu bi amintattu, irin su Menonawa, waɗanda suka ƙi makami ɗungum.

A cikinmu akwai soja da 'yan sanda, akwai kuma waɗanda aka ƙone musu gida, aka kashe musu dangi. Kafin waninmu ya ce yaƙinsa mai gaskiya ne, bari ya auna kansa da abin da Agustin ya auna Bonifas da shi. Wa ya ba shi izni? Wa ya ke tsarewa? Ya nemi sulhu tukuna? In abokin gabansa ya faɗi a gabansa ba makami, me zai yi da shi? In kuwa ya sami ramuwa tana yi masa daɗi a zuciya, sai ya koma ga Zabura 51, ɗaya daga cikin Zabura ta tuba, ya yi addu'a tukuna.