Henry Le Chatelier, Masanin Da Ya Auna Zafin Tanderu

An haifi Henry Le Chatelier a birnin Paris na ƙasar Faransa ran 8 ga Oktoba, 1850. Mahaifinsa injiniya ne, shi ma ya bi sawunsa, ya yi karatu a makarantar koyon aikin ma'adinai ta Paris, inda ya fara koyarwa a 1877.

Binciken siminti ne ya jawo hankalinsa ga awon zafi. A zamanin, masu gasa siminti da masu narka ƙarfe galibi da ido suke kimanta zafin tanderu bisa launin wuta, domin ma'aunin gilashi ba ya jure irin wannan zafi. Kuskure kaɗan yakan jawo hasarar kaya masu yawa.

Tun a 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka haɗa wayoyi biyu na ƙarafa dabam-dabam baki da baki, aka zafafa mahaɗa ɗaya, ɗayar tana da sanyi, lantarki ɗan kaɗan yakan gudana gwargwadon bambancin zafinsu. Amma masana da dama sun fid da rai da wannan hanya, saboda awon ba ya tsayawa kan abu guda.

Le Chatelier ya nuna cewa laifin na wayoyin da ake amfani da su ne. A 1886 ya ɗauki wayar filatinam zalla, ya haɗa ta da wata ta filatinam mai kashi 10 cikin 100 na rodiyam. Sa'an nan ya daidaita ma'aunin da abubuwan da zafinsu sananne ne, kamar tafasar farar wuta, kimanin digiri 445, da narkewar zinariya, wadda awon yau ya sa a digiri 1,064. Da waɗannan matakai ake lissafa abin da ke tsakaninsu.

Daga 1927 zuwa 1990 wannan haɗin wayoyi yana cikin mizanin awon zafi na ƙasashen duniya. Da irin waɗannan ma'aunai ake tsare zafin tanderun masana'antu, irin ta murza ƙarfe da aka buɗe a Katsina a 1982.

An zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1907. Ya rasu ran 17 ga Satumba, 1936, yana da shekara 85.