Ayuba, Mutumin Ƙasar Uz

Ayuba attajiri ne na ƙasar Uz, mai tsoron Allah. Yana da 'ya'ya maza 7 da mata 3, tumaki 7,000, raƙuma 3,000, ban da shanun noma da jakuna. A yini ɗaya duka suka salwanta: mahara suka kore shanu da raƙuma, wuta ta cinye tumaki, iska ta rushe ɗaki a kan 'ya'yansa. Bayan wannan marurai suka feso masa a jiki duka, har ya koma zaman toka yana susa da tsingaro (Ayuba 2:7, 8).

Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo yi masa jaje. Kwana 7 suka zauna tare da shi shiru, a ganinmu kuwa wannan ne mafi kyaun abin da suka yi. Gama sa'ad da suka buɗe baki, a kan magana ɗaya suka tsaya, wai ba a shan irin wannan azaba sai da ɓoyayyen zunubi. Ayuba bai yarda ba, bai kuma rabu da Allah ba, ko da ya ke ya kai ƙara gabansa da zafin rai.

Ciwon nan nasa har likitoci sun ari sunansa. A 1966 waɗansu likitoci a birnin Siyatil na Amurka suka ba da labarin 'yan mata biyu masu marurai da ba su ƙarewa, suka kira abin Ciwon Ayuba. Sunan kaɗai aka ara, gama shi Ayuba da girmansa ciwo ya same shi, wannan kuwa da shi a ke haihuwar yaro. Garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, wani sinadarin jini da a ke kira IgE ya yi yawa ƙwarai. Ƙuraje tun yana jinjiri, marurai marasa zafi, ciwon huhu a kai a kai, haƙoran yarinta su ƙi fāɗuwa. A 2007 aka gano ƙwayar halittar da ta kan jawo shi. Ba a ɗaukarsa daga wani, da wuya kuma a ke samunsa. Likita ya kan taimaka da maganin ƙwayoyin cuta da kula da fata.

Mu kuwa, a Kafanchan ko Kagoro ko Kwoi ko Zonkwa, idan ciwon yaro ya ƙi ji, ya ƙi gani, sau nawa mu kan fara neman maye, ko laifin uwa, tun ba a kai shi asibiti ba? Bakin Elifaz ke nan a cikinmu.

Daga ƙarshe Ubangiji ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, bai kuwa gaya masa dalilin wahalarsa ba. Abokan nan ne ya tsauta wa, sai da Ayuba ya yi musu addu'a (42:7-10). Dukiyarsa ta dawo ninki biyu, ya sāke samun 'ya'ya 10, har ya ba matan gādo tare da mazan. Ya ƙara shekara 140, ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, sa'an nan ya rasu.