Edward Jenner, Likitan Da Ya Buɗe Hanyar Kashe Agana

A zamanin da, babu cutar da mutane ke tsoro kamar agana. Ta kan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon baya, bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje su feso a fuska da hannuwa da ƙafafu, su cika da mugunya. Cikin mutum goma da ta kama, wajen uku su kan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa ta kan bar su da zanzana, waɗansu har ta makantar da su. Ba ta san sarki ba, ba ta san talaka ba. Yau ba sauran wannan cuta a duniya, kuma wanda ya buɗe hanyar kashe ta wani likitan ƙauye ne, sunansa Edward Jenner.

An haifi Jenner ran 17 ga watan Mayu, 1749, a wani ƙaramin gari na ƙasar Ingila wanda a ke kira Berkeley. Ƙasar makiyaya ce, mai yawan ciyawa da shanu. Ubansa limamin Kirista ne na garin. Yana da shekara biyar uwarsa da ubansa suka rasu, sai wansa ya riƙe shi. Tun yana ƙarami ba abin da ya ke so kamar yawo a bakin daji, yana duban sheƙar tsuntsaye, yana tara duwatsu iri iri.

A lokacin nan mutane suna da wata dabara ta tsere wa agana, wadda aka daɗe da saninta a Indiya da Turkiyya da waɗansu ƙasashen Afirka, ta kuwa shiga Ingila cikin 1721. An lura wanda agana ta kama sau ɗaya ba ta komo masa. Saboda haka sai a ɗebi mugunyar mai agana, a tsaga hannun mai lafiya a shafa, don ya yi cutar sama sama ya huta. Amma dabarar tana da hatsari. Cikin mutum ɗari da aka yi wa, ɗaya ko biyu su kan mutu, ga shi kuma wanda aka yi wa yana iya ɗora wa maƙwabtansa cutar. Jenner kansa an yi masa haka yana da shekara takwas, ya sha wuya ƙwarai, bai kuwa manta ba har tsufansa.

Da ya kai wajen shekara goma sha huɗu aka kai shi wurin wani likita ya koyi aiki, ya yi shekara bakwai a hannunsa. A ƙasarsu akwai wata magana da makiyaya ke yi. Shanu su kan yi waɗansu ƙuraje a hantsa, waɗanda a ke kira aganar shanu. Matan da ke tatsa su kan ɗauki ƙurajen a hannu, su yi ɗan zazzaɓi na kwana kaɗan su warke. Makiyaya suka ce wadda ta yi wannan, aganar mutane ba ta kama ta. Yawancin likitoci sun ɗauki maganar zancen ƙauye ne kawai, amma Jenner ya riƙe ta a zuciyarsa.

Cikin 1770 ya tafi birnin Landan wurin wani babban likita mai suna John Hunter. Wannan malami ya koya masa abu guda wanda ya fi kome amfani gare shi, watau kada ya tsaya ga zato, sai ya gwada abu ya gani da idonsa, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani daidai, ba daɗi ba ragi. Da ya ƙare karatu ya koma garinsu ya zauna yana yi wa mutanen karkara magani.

Rubutun da ya fara fid da sunansa a kan tsuntsuwa ya yi shi. Akwai wata tsuntsuwa a ƙasarsu wadda ba ta yin sheƙa, sai ta saka ƙwanta a sheƙar wata. Jenner ya yi ta fako har ya ga ɗan tsakon, da ƙyanƙyasarsa, shi ke goya ƙwai da 'ya'yan mai sheƙar a bayansa yana turo su ƙasa. Ya rubuta wannan, babbar ƙungiyar masana ta Landan ta buga cikin 1788, ta kuma karɓe shi cikin 'ya'yanta a shekara mai bi. Waɗansu sun yi ta musun maganar, sai bayan shekaru masu yawa aka ɗauki hoton abin, aka ga gaskiyarsa.

Duk wannan lokaci bai bar zancen aganar shanu ba. Ya yi shekaru yana bin gidajen makiyaya, yana rubuta sunan wanda ya taɓa yin aganar shanu, da shekarar da ya yi, da abin da ya same shi sa'ad da annoba ta shigo gari. Ran 14 ga watan Mayu, 1796, ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, sunanta Sarah Nelmes, ya yi 'yar tsaga a hannun wani yaro mai shekara takwas, James Phipps, ɗan mai yi masa aikin lambu, ya shafa. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. Cikin watan Yuli Jenner ya sa masa mugunyar agana ta ainihi, bisa tsohuwar dabarar nan. Aka jira, aka jira, agana ba ta fito ba. A yanzu dokar likitoci ta hana a yi irin wannan gwaji a jikin yaro, amma a zamanin nan sa wa yara mugunyar agana abu ne da aka saba.

Jenner ya rubuta labarin ya aika wa ƙungiyar masanan nan cikin 1797. Suka ƙi bugawa, don a ganinsu shaidar ta yi kaɗan. Bai yi zuciya ba. Ya jira har aganar shanu ta sake ɓullowa, ya gwada ga waɗansu yara, ya kuma nuna ana iya ɗaukar ruwan ƙurjin daga hannun wannan yaro zuwa na wancan, ba sai an koma ga saniya ba. Cikin 1798 ya buga ɗan littafi da kuɗinsa, mai shafi 75, ya bayyana labarin mutum 23 ɗaya bayan ɗaya, da zanen ƙurajen don kowane likita ya gane su. Ya ƙara buga waɗansu ƙananan littattafai cikin 1799 da 1800 da 1801, yana amsa masu musu, yana ƙara shaida.

Da fari abin bai karɓu ba. Ya yi wata uku a Landan bai sami ko mutum ɗaya da ya yarda a yi masa ba. Waɗansu suka yi ta ba'a, har aka zana hoton mutane da kawunan shanu suna tsirowa daga jikinsu. Amma gani ya kori ji. Likitocin da suka karanta littafin suka gwada, suka ga gaskiya ne, su kuma suka rubuta abin da suka gani. Kafin 'yan shekaru an juya littafin cikin Jamusanci da Faransanci da waɗansu harsuna. Wannan sabuwar dabara ita ce lamba.

Lamba ta isa Amurka cikin 1800, ta isa Indiya cikin 1802. Cikin 1803 Sarkin Sifen ya aika da jirgin ruwa zuwa ƙasashensa na hayin teku, da marayu 22 a ciki. A kan yi wa biyu lamba, in ƙurjinsu ya nuna a ɗiba a yi wa biyu na gaba, da haka aka ƙetare teku irin bai mutu ba. Napoliyon na Faransa, ko da ya ke yana yaƙi da Ingila, ya sa aka yi wa sojojinsa lamba, har ya saki waɗansu Ingilishi da ya tsare saboda Jenner ya roƙe shi.

Jenner bai ɓoye saninsa don ya yi arziki da shi ba. Kullum yana amsa takardun likitoci na ƙasashe, yana aika musu da irin lamba, har aikinsa na neman abinci ya ja baya. Don haka majalisar Ingila ta ba shi fam 10,000 cikin 1802, ta ƙara masa fam 20,000 cikin 1807. Yana da wata 'yar bukka a lambunsa inda ya ke yi wa talakawa lamba kyauta. James Phipps kuwa, da ya girma, Jenner ya ba shi gidan zama. Jenner ya rasu a garinsu ran 26 ga watan Janairu, 1823, yana da shekara 73.

Akwai abin lura a nan. Shekara 22 kafin gwajin Jenner, watau cikin 1774, wani manomi mai suna Benjamin Jesty ya sa wa matarsa da 'ya'yansa biyu aganar shanu, suka kuwa tsira. Amma bai rubuta ba, saboda haka abin bai wuce yankinsu ba. Jenner ya gwada, ya sake gwadawa, ya rubuta, ya watsa. Masana suna da wata al'ada, in mutum ya rubuta sabon bincike sai ya ambaci waɗanda ya amfana da rubutunsu, kamar yadda almajirin kirki ke ambaton malaminsa. A zamanin yanzu har ƙidaya irin wannan ambato a ke yi da kwamfuta, don a san rubutun da ya fi amfanar masu bincike. Littattafan Jenner ba su da yawa, ba su kuma da kauri, amma yau fiye da shekara 200 ana ambatonsu. Cikin 1881 babban masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nemi a riƙa kiran kowane irin maganin rigakafi da sunan da aka sa wa na Jenner, don girmama shi. Sunan nan, baksin, asalinsa sunan saniya ne a harshen Latin.

Waɗanda suka biyo bayansa sun gyara inda ya yi kuskure. Shi yana tsammani lamba ɗaya ta ishi mutum har mutuwa, daga baya aka gane ƙarfinta ya kan ragu, sai an sake. Aka kuma koyi busar da maganin don kada zafin rana ya ɓata shi. Cikin 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙi sosai da agana. Ma'aikatan lamba suka bi gari gari, kasuwa kasuwa, har ƙasar Hausa, shi ya sa dattawa da yawa ke da tabon lamba a dantse. Agana ta ƙare a Nijeriya cikin 1970. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga annoba a ƙasar Somaliya ya ke, cikin 1977, ya kuwa warke. Ran 8 ga watan Mayu, 1980, aka yi shela ga duniya duka cewa agana ta ƙare.

Yaron da ke son ya bi sawun Jenner ba sai ya jira ya girma ba. Ya dubi abin da ke kewaye da shi da kyau, kada ya rena maganar makiyayi ko manomi sai ya bincika, in kuwa ya gane wani abu ya rubuta shi bisa gaskiya, don na baya su ɗora a kai.